Sharhin Ɗan Kallo

Sharhin farko da Ɗan Kallo ya rubuta a shafina bai dame ni ba. Layi ɗaya ne: "A buɗe sabuwar kwalba a gabanmu mana." Na goge shi da babban yatsa ina kurɓar shayi. Wanda ya shekara shida yana cin abinci da waya kamar ni, fatarsa ta yi kauri. An ce min mummuna, an ce min uwar surutu, wata har ta rantse hancina na aro ne. Mutum ɗaya da ko hoto bai sa ba, me zai yi min?

Ni ce Anti Na-Gwada. In ba ka san sunan ba, matarka ta sani. Na fara ne a ɗakin haya da waya mai fasasshen gilashi, ranar da na sayi injin markaɗe ya mutu a hannuna tun ban gama niƙan farko ba. Haushi ya sa na ce wa ƙanwata Auta ta riƙe min wayar, na wanke masu injin tas, ita kuma tana dariya har hoton na rawa. Kafin mako ya zagayo mutum dubu arba'in sun kalla. Daga nan sana'a ta samu: in sayi kaya, in gwada, in faɗi gaskiya. Dutsen guga, filas, sabulu, takalman yara. Kowane bidiyo da magana ɗaya nake rufe shi: "Na gwada da kaina."

Mabiyana suka kai dubu ɗari huɗu. Na bar haya, na ware ɗaki guda na aiki mai farin bango da fitilun zobe biyu. Bayan rasuwar Inna na ɗauko Baba, wanda ya yi ritaya daga aikin gyaran rubutu a maɗaba'a, na ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, na saya masa waya don ya riƙa jin labarai. Auta kuwa tana nan bayan kyamara. Ita ke ɗauka, ita ke yankawa, ita ke shafa min hoda.

Sai wani kamfanin man shafawa ya zo da kwangilar shekara guda, irin wadda ba a cewa bari in yi shawara. Kuma na gwada man, Allah shaida, sau ɗaya, a cikin hannuna na hagu. Kwana biyu wurin ya yi ja, ya yi ƙuraje, ya saɓule, ya bar tabo kamar an ɗora min cokali mai zafi. Na gaya wa wakiliyar kamfanin, ta ce ai fata kowa da irin tasa. Na karɓi maganar hannu bibbiyu, domin ita nake son ji. Muka wanke kwalbarsu, muka zuba man da na saba shafawa, na koma sa riguna masu dogon hannu, aka ci gaba da aiki. Mu uku muka san wannan: ni, Auta, da maigidana.

Washegari Ɗan Kallo ya dawo. "Abin da ke cikin kwalbar nan ba shi ake sayar wa mutane ba." Wannan karon na ajiye shayin. Na goge. Ya sake rubutawa a bidiyo na gaba, mutum ɗari uku suka danna masa alamar so kafin in gani. Na so in toshe shi, sai na fasa. Wanda ka toshe ya tsere maka ke nan, ni kuwa so nake in kama shi da hannu.

A rana ta biyar ya rubuta abin da ya sa na zauna a ƙasa: "A ce ta naɗe hannun rigarta na hagu."

Wakiliyar kamfanin ta kira ni kafin in gama karantawa sau na goma.

"Anti, wane ne wannan?"

"Mahassadi ne kawai, kin san halin mutane."

"Mahassadin da ya san hagu da dama? Anti, da ɗan gari akan ci gari. Saura kwana tara mu ƙaddamar da babbar kwalba. Oga ya ce in bakin nan bai rufu ba kafin ranar, za a sake tunani."

Tun daga ranar gidana ya zame min wani wuri daban. Ina shiga falo sai in ga kamar an yi shiru don ni. Da maigidan na fara, saboda shi ne ya taɓa ce min wayar nan ta zama mijina shi kuma ɗan haya. Na haƙa masa tarko: na raɗa masa cewa zan buɗe shago a babban titi, kada ya gaya wa kowa, na zauna ina jira in ga ko maganar za ta fito a sharhi. Ba ta fito ba. Abin da ya fito abokansa ne guda uku, kowa da shagon da zai ba ni haya mai sauƙi. Bawan Allah bakinsa ba ya riƙe ruwa, amma ba munafuki ba ne. Ko sunansa zai rubuta a waya sai ya yi minti biyu yana neman haruffa.

Saura Auta.

Wallahi da farko zuciyata ta ƙi. Yarinyar da na goya, wadda ta fara tafiya tana riƙe da zanena? Amma zargi in ya samu wurin zama, da kansa yake nemo shaidu. Na tuna ranar da muke wanke kwalbar ta ce, "Yaya, wannan tallar ba ta kwanta min ba." Na tuna ta taɓa roƙona in riƙa sa sunanta a ƙarshen bidiyo, na ce za a duba, ba a duba ba. Na tuna tana da nata ɗan shafin na hotuna, mabiya dubu uku, inda mutane ke kiranta ta ɗauke su hoto a shagulgulansu. Wa ya sani ko ta gaji da tsayuwa a bayan fitila? Kuma tabon nan, ita kaɗai ke ganinsa kullum, don ita ke rufe shi da hoda in hannun riga ya yi gajarta.

Na fara lura da ita. In na shigo ta kife waya. In na ambaci Ɗan Kallo ta shiga gyara wayar fitila da ba ta lalace ba. Rannan na ce, "Ko wane ne, Allah ya tona masa asiri," maigidan ya ce amin har sau biyu, ita ko uffan. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

A kwanakin nan ne Baba ya leƙo daga ƙofar ɗakinsa ina wucewa da waya a kunne.

"Uwata, in kin samu sarari ina son ganinki."

"To Baba, ina zuwa."

Haka nake ce masa kullum, shi ma ya saba.

Ranar Laraba da hantsi Auta ta shiga wanka ta bar wayarta a caji a ɗakin aiki. Na san lambar buɗewa, ranar haihuwar Inna ce. Na shiga inda waya ke ajiye kalmomin sirri. Ga nata shafin, ga nawa da take shiga don aiki, ga na uku a ƙasa. Ɗan Kallo.

Ban yi ihu ba, abin ya wuce ihu. Na zauna a kan kujerar da nake zama in ana ɗaukata, na jira ta. Ta shigo tana goge fuska da tawul, ta ga wayar a hannuna, ta tsaya cak.

"Wa ya buɗe wannan shafin?"

Ta ajiye tawul ɗin. "Ni ce."

"Ke ce kike rubutawa?"

Ta kawar da kai gefe.

"Auta, da ke nake. Ke ce?"

"Yaya, abin da aka rubuta ƙarya ne?"

"Ba shi na tambaye ki ba!"

"To ki ɗauka yadda kika ga dama."

Na faɗa mata maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Na yi mata gorin ci da sha, na yi mata gorin kyamarar da take taƙama da ita. Ta haɗa kayanta a jaka biyu ta tafi gidan Gwaggo. Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma ni 'yar kasuwa ce, kuma na san babu abin da ke wanke mutum a idon mabiya kamar hawaye. Da la'asar na kafa waya na shiga bidiyon kai-tsaye. Ban faɗi suna ba. Na dai ce wanda ke son ganin bayana a cikin gida yake, nono ɗaya muka sha, da hannuna na ciyar da ita. Na ce tabon hannuna ƙunar dutsen guga ne. Na yi kuka, kuma kukan na gaske ne, abin da ya fi ba ni kunya ke nan yanzu.

Mabiyana ba sa buƙatar suna. Kafin magariba sun gano shafin Auta sun yi masa dirar mikiya. Butulu, maciya amana, kaza ci ki goge baki. Mutum biyu da suka riga suka sa ta aiki suka janye a bainar jama'a. Wakiliyar kamfanin ta turo min alamar tafi, ta ce Oga ya ji daɗi, ƙaddamarwa na nan daram.

Da safe Baba ya sake tare ni, wannan karon har tsakar gida ya fito ba hula.

"Uwata, maganar Auta..."

"Baba don Allah kada ka sa baki. Ka bar ni da ita. Ina da taro, ina zuwa."

Kwana biyu Ɗan Kallo bai ce komai ba, na ce to, biri ya yi kama da mutum. A rana ta uku ina zaune a ɗakin aiki ina fama da yankan bidiyon da ban iya ba, sai ga shi: "Ba ita ba ce. Ki daina ɗora wa ƙanwarki laifin da ba nata ba."

Na yi tsaki. Wato har da wanke kai. Na buɗe saƙon ƙarshe da Auta ta turo min ranar da ta tafi, don in rubuta mata amsar da ta dace da ita. Ga abin da ta ce: "Yaya makullin dakin aiki yana karkashin kofa, batirin kyamara karami bashida caji."

Na karanta nata, na koma na karanta na Ɗan Kallo. Na sake komawa.

Auta ba ta sa wa harafi ƙugiya. Ba ta taɓa ba. Ɗaki a wurinta daki ne, ƙofa kofa ce, kamar yadda ni ma nake rubutawa a waya, kamar yadda duk mabiyana dubu ɗari huɗu suke yi, domin wa ke da lokacin danne harafi ya jira ƙugiya ta fito? Na jawo hotunan sharhin Ɗan Kallo da na adana tun farko, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Buɗe. Naɗe. Ɗora. Ƙanwarki. Ko ɗaya bai tsallake ba. Kowace kalma a rabe inda ake rabawa, kowace jimla da aya a ƙarshenta, kamar za a kai wa injin bugu.

Mutum ɗaya na sani a duniya da ba zai iya rubuta ƙarya babu ƙugiya ba. Tun muna yara yake ba mu labarin ranar da ya sa aka tsayar da inji aka sake buga littafi sukutum, saboda an rubuta wa wani bawan Allah cewa ya yi karya, shi kuwa Baba ya ce karya matar kare ce, ba zai sa hannu a zagi mutum ba.

Na same shi zaune a bakin gado, tabarau a karan hanci, wayar a kan matashi. Kusa da ita akwai wata takarda da ya rubuta sharhin da biro tukuna, ya gyara da jan alƙalami, kafin ya kwafa a waya. Bai ɓoye ta ba. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda na saba, amma ban gaishe shi ba.

"Baba, kai ne?"

"Ni ne, Uwata. Shigo ki zauna."

"Me na yi maka?"

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce wata uku da suka wuce ya je kantin magani karɓo maganin idonsa, ya tarar da wata yarinya da uwarta. Fuskar yarinyar ta saɓule tun daga goshi har haɓa. Mai kantin yana yi mata faɗa wa ya ce ta shafa, sai ta ciro waya ta nuna masa ni, ina murmushi ina cewa na gwada da kaina.

"Ina tsaye a bayanta, Uwata. Muryarki ce ke fita a kantin. Na kasa cewa 'yata ce. Na dawo gida, kika kawo min shayi, hannun rigarki ya ja baya, na ga tabon. Na tsare Auta, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta faɗa min maganar kwalba."

"Da sai ka kira ni ka yi min faɗa! Ai kai ka haife ni."

"Sau nawa na kira ki?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Kina zuwa, kina zuwa. Na lura mutanen cikin wayar nan ko tari suka yi kina ji. Sai na ce wa Auta ta buɗe min wuri a cikinsu. Ta ƙi, na matsa mata. Ita ta nemo min ma inda ƙugiya take."

Haushi ya taso min, na gaske, irin wanda ban taɓa yi da shi ba. "To da ka ga na kore ta fa? Da ka ga ana zaginta a duniya? Kwana uku, Baba. Kana nan ɗakin nan."

Ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin tsakiyar kan Baba daga sama ba sai ranar.

"Ta kira ni ta ce in yi shiru, wai ke da ita kun saba faɗa kuna shiryawa. Ni kuma shirun ya yi min daɗi. Na fito zan faɗa miki, kika ce kada in sa baki, na ji sanyi a raina na koma ɗaki." Ya ɗago ya dube ni. "Tsoronki na ji, Uwata. A gidanki nake. Wannan laifin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na zauna a ƙasa na yi kuka, wannan karon babu kyamara.

Da na lafa na ce zan je gidan Gwaggo in ba Auta haƙuri. Ya girgiza kai.

"Ki je. Amma a wurin aikinmu, in kuskure ya fita a shafin farko, ba a kai gyaransa shafin ƙarshe da ƙananan haruffa. Inda aka yi ɓarna nan ake gyara."

Na fahimci abin da yake nufi, kuma na san kuɗinsa. Ba yadda zan wanke Auta ba tare da na ce Ɗan Kallo gaskiya ya faɗa ba. Ba zan jefa wa mutanen nan tsohona su yayyaga ba, don haka babu wanda ya rage a miƙa musu sai ni. Saura kwana ɗaya a ƙaddamar da babbar kwalba. Na shiga ɗakin aiki na yi ta zagaye. Na tsara magana uku da za su fitar da Auta su bar ni a tsaye, duk ukun na san ba za su wuce jan alƙalamin Baba ba. Na kira lambar Auta sau huɗu, tana shiga ba a ɗauka.

Da azahar na sa riga mai gajeren hannu. Na kafa wayar a kan sandarta da kaina, na kunna fitila ɗaya don ban san inda ake kunna ta biyun ba, na ajiye kwalba biyu a gabana, na shiga kai-tsaye.

Na ce musu ƙanwata ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba. Na ce wanda ya rubuta na san shi, ba zan faɗa ba, kuma duk abin da ya ce haka yake. Na ɗaga hannuna na hagu. Na ce ba dutsen guga ba ne. Na buɗe kwalbar da nake shafawa na nuna, na fasa hatimin sabuwa na nuna, ko makaho ya san ba ɗaya ba ne. Na ce duk wadda ta saya saboda ni ta daina shafawa yau.

Sharhi ya fara gudu kamar an buɗe famfo, ido ba ya iya kamawa. Zagin da aka yi wa Auta ya juyo kaina, da ƙari. Sunan wakiliyar kamfanin ya fito a saman allo, ya ɓace, ya sake fitowa, ya sake ɓacewa. A gefe ina ganin adadin mabiyana yana sauka, ɗari-ɗari, sannan dubu-dubu. Shekara shida na tara su. Na ci gaba da magana, ina kallon idon kyamara ina kiran suna ɗaya, ban ma san ko tana kallo ba.

"Auta, ki yafe min. In ba ki yafe ba ma kina da gaskiya."

Minti ashirin ina zaune a wurin. Har na miƙa hannu zan kashe, sai wani saƙo ya sauko daga saman allo, ba cikin sharhi ba, daga lambarta.

"Yaya kin yanke kanki a hoton. Daga wayar sama kadan, ki sake fada."

Na tashi na ɗaga wayar, na koma na zauna, na fara daga farko.